Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Yallaɓai Kwamishina kan shagunanmu na filaza

Assalamu alaikum Yallaɓai, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ba zan ja ka da doguwar gaisuwa ba tunda kai ma ka san abin da ya sa na ɗauki waya nake wannan rubutu, maganar filazar gwamnati ce da aka fitar da mu aka ce gyara za a yi kowa ya koma shagonsa.

Yallaɓai an gama gyaran. An yi fenti, an sa sabbin ƙofofi, an liƙa takardar sunaye a bango, mun je mun duba tun daga sama har ƙasa, wallahi yawancin sunayen ba mu taɓa jin su ba a ginin nan, mu kuma da muka tsufa a ciki babu namu.

Ni ina yaron shago na shiga ginin nan, ba da jimawa ba bayan an cire Gombe daga jihar Bauchi a 1996. Lokacin ma'aikata na ta dawowa gida daga Bauchi, gari ya cika, kowa na neman inda zai buga takarda, don haka ƙasan ginin duk masu tafireta ne da fotokwafi, sai mai tarho guda ɗaya da ake bin layi a kira Kano ko Legas a biya da minti. Sama kuma teloli ne da masu atamfa da shadda, da wani dattijo mai gyaran agogo da rediyo Allah ya jiƙansa, shi ne ma yake jan mu sallah a ɗan masallacin baya. Da GSM ta shigo ƙasar nan a 2001 ta iso mu daga baya, mai tarho ya koma sai da kati da layi, masu tafireta suka sayi kwamfuta. Da aka buɗe jami'ar jiha a 2004 sai ga kafe-kafe na intanet, ɗalibai cike da baranda har dare ana cike fom ana duba sakamako. Masu kaset ɗin finafinan Hausa suka koma faifan CD, faifan ma ya mutu suka koma tura fim a waya. Da manyan wayoyi suka kashe kasuwar kafe, yaran da suka koyi aiki a ciki su ne suka zama masu gyaran waya da sai da caja da gilashi, ni ma haka na samu nawa shagon. Sana'a ce take canzawa amma mutanen su ne dai, uba ya bar wa ɗa, maigida ya sallami yaronsa ya kama shagon kusa da shi.

Kuma ba a daɗi kawai muka zauna ba. Ka tuna jajibirin ƙaramar sallah ta 2015 da bam ya tashi a babbar kasuwar Gombe, mutane suka daina shiga duk inda ake taruwa, mu muka yi karo-karo muka ɗauki masu gadi muka sai musu abin binciken jiki, muka ci gaba da buɗe shago ko da za a wuni ba a yi ciniki ba. Lokacin korona a 2020 ma mun biya haya. Da aka yi wahalar takardar kuɗi a farkon 2023 masu POS ɗin ginin nan ne suka riƙe rabin unguwa, da aka cire tallafin mai a watan Mayun shekarar janareto ya gagare mu, wasu suka ci bashi suka sa sola a kan rufin da ba nasu ba. Duk wannan ba wanda ya gudu ya bar wa gwamnati kango.

Kai da bakinka a harabar ginin, gaban shugabannin ƙungiyarmu, ka ce duk mai rasit zai koma shagonsa kuma ba za a ba wani bare ba sai an gama da mu. Aka rubuta sunayenmu, aka karɓi hotuna da kwafin rasit, muka kwashe kayanmu da hannunmu ba wanda ya yi gardama saboda mun yarda da kai. To yanzu ina maganar take?

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne waɗanda aka ba shagunan ba kasuwanci za su yi ba. Tun kafin fenti ya bushe dillalai suka fara kiran mu, wai ga shago in kana so, kuɗin ya ninka na gwamnati sau nawa kuma sai ka biya na shekara biyu a dunƙule, ga la'adar dillali daban. Shagon da na yi shekaru a ciki, wanda na san inda rufinsa ke yoyo, shi ake min tallarsa a waya. Mutum yana zaune a gida takarda kawai ya samu saboda ya san wani, zai riƙa cin gumin tela da mai gyaran waya duk shekara, ita gwamnati kuma ba abin da ya ƙaru a asusunta. Wanda bai samu mai biyan kuɗin da yake so ba ya sa kwaɗo ya tafi, je ka duba saman bene da yamma ka ƙirga ƙofofin da ke rufe.

Muna jin ana cewa ƙasan ginin ma wani babban kanti ake jira ya zo ya kama gaba ɗaya. Ba ma ƙin ci gaba Yallaɓai, amma ka dubi Kano, Shoprite ta buɗe a Ado Bayero Mall a 2014 da biki, farkon 2024 ta rufe ta tafi, kuma Kano ce fa da duk yawan jama'arta. Babban kamfani in lissafi bai fitar masa ba kwashe kayansa yake, mu kuwa nan aka haife mu nan 'ya'yanmu ke makaranta, ina za mu je.

Don girman Allah ka tausaya. Akwai baiwar Allah a cikinmu mijinta ya rasu, da keken ɗinki take riƙe da marayu, tana da 'yan mata masu koyon aiki a hannunta, yanzu a zauren gidan haya take ɗinki kwastomomi duk sun watse ga sallah na ƙaratowa. Masu gyaran waya sun koma ƙarƙashin lema a bakin titi, rana ta dake su ƙura ta shiga kayan mutane, gobe a zo a ce sun tare hanya a kwashe teburinsu.

Abin da muke roƙo a fito da rajistar da aka rubuta sunayenmu a ajiye ta kusa da wadda aka liƙa a bango kowa ya gani, duk mai tsohon rasit a mayar masa da shagonsa a kuɗin gwamnati ko an ƙara za mu biya, wanda kuma aka kama ya ba da hayar shagon gwamnati a ƙwace. Maganar banɗaki da ruwa da abin kashe gobara da ba a sa ba, wannan ma ji da shi in mun koma.

Rasit ɗina na kowace shekara suna nan a leda ban yar da ko ɗaya ba, haka na sauran. Ranar Litinin in Allah ya kai mu za mu zo ofishinka da su, mu da shugabanninmu, muna roƙon a bar mu mu gan ka ido da ido.

Wassalam.
Ɗaya daga cikin tsofaffin 'yan haya, Gombe.