Zuwa ga Babana da ke Legas

Assalamu alaikum. Babana, ya aiki, ya ruwan Ikko? Ƙanwarka ce ke rubutawa a wayarta ina faɗa mata, ka san idanuna yanzu ko ramin allura ba sa gani.

Shekaranjiya yaron gidan Liman da kuka tafi tare ya sauka, ya shigo gaishe ni da biredi a leda. Da na tambaye ka sai ya hau sosa ƙeya. Sai da na haɗa shi da Allah sannan ya ce an kama babur ɗinka tun watan Rajab, mai shi kuma yana ta binka kuɗi. Wannan bai hana ni barci ba, babur ƙarfe ne. Abin da ya tsaya mini a maƙoshi shi ne an gan ka wajen mai duba, ya zana maka ƙasa, ya ce ka kawo baƙin bunsuru. Wai har ka ce ka gaji da roƙon da ba a amsawa.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da bakinka, Babana? Bakin da na ɗora wa Fatiha kana goye a bayana? Kai da mahaifinka ya riƙa ja da hannu zuwa sallar asuba, har almajiran wajen Gobarau suka san ka? Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya je wurin mai duba ya tambaye shi wani abu, ba za a karɓi sallarsa ba ta dare 40. Ni kwanakin nan nake ƙirgawa. Kai da ke yini tsakanin tireloli, in ajali ya riske ka a cikinsu, da me zan yi maka addu'a? Tun shekaranjiya tuwo bai wuce mini ba.

Annabi Yunusa ya fi ka shiga uku. Duhun dare, duhun teku, duhun cikin kifi. Bai fara da neman a fitar da shi ba, da yabo ya fara: La ilaha illa anta subhanaka inni kuntu minaz zalimin. Duba Suratul Anbiya, aya ta 87. A Suratus Saffat kuwa Allah ya ce ba don yana cikin masu tasbihi ba, da ya zauna cikin kifin har ranar tashin alƙiyama.

Ka tuna Disambar 2020, da aka kwashe ɗalibai a Ƙanƙara. Gwaggonka ta kwana shida a kan buzu a ɗakina, carbi har ya yi mata kanta a yatsa, babu abin da ke fita bakinta sai Hasbunallahu wa ni'imal wakil. Mata nawa suka zo mata da sunan boka? Ko kallonsu ba ta yi ba. Yara sama da 300 suka dawo. Ban ce kullum haka ake dacewa ba, Yayanka ma mun roƙa, hanyar Jibia ba ta dawo mana da shi ba. Amma ko ranar ban bar cewa Alhamdulillahi ba, ita ce ta riƙe ni ban zauce ba.

Na san kana ƙullace da ni kan gonar Batsari da na hana a sayar a ba ka jari. Ka ci gaba da ƙullata. Ko gobe ka tambaya, amsata ɗaya ce, marayu ke da haƙƙi a ciki.

To, ya isa. Ka yi alwala, ka yi raka'a biyu, ka nemi gafarar Ubangijinka, ƙofarsa ba ta da sakata. Ƙarshen watan nan zan kwashi adashi, zan aiko maka da rabi ka rage wa mutumin nan. In abin ya ƙi, ka hau mota ka taho, ɗakinka na nan, kaji kawai na kora daga ciki. Na ba yaron kuka da daddawa ya kawo maka. Ka kira ni bayan sallar asuba, ina son in ji muryar wanda ya tashi.

Mahaifiyarka,
daga Katsina