Ina son sunan da bakina zai iya kira

Assalamu alaikum Malama. Ina gaishe ki da aiki, da fatan kina lafiya ke da iyali. Don Allah a sakaya sunana da na unguwarmu, a ce dai wata ce daga Maradi.

Ina da ciki wata takwas. Da na je awo aka yi mani eko, aka ce mace ce. Tun ranar nake ɗauke da wata magana, duk wanda na fara gaya wa sai ya ce na cika neman fitina, shi ya sa na ɗauko takarda.

Wannan ne cikina na uku, amma ba ni da ɗa a hannu. Na fari namiji ne. Kin san al'adarmu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, balle shi da aka mayar wa sunan mahaifin maigidana. Kunya biyu ke nan ta hau kaina. "Yaron nan" nake cewa, ko "kai". Yana da shekara ɗaya da wata biyu, ya fara takawa yana dafa bakin gado, zazzaɓin cizon sauro ya kama shi a tsakiyar damina. Kwana uku muka yi a likita. A daren ƙarshe ina riƙe da hannunsa kada ya fizge allurar ƙarin ruwa, na so in kira shi da sunansa ko sau ɗaya. Uwar mijina na zaune a kan tabarma kusa da ni, sai sunan ya tsaya mani a maƙogwaro. Da asuba Allah ya karɓi abinsa. Har yau, Malama, bakina bai taɓa furta sunan ɗana ba. Ta biyun mace ce, kwana huɗu ta yi ta koma, ragon da aka saya yana ɗaure a tsakar gida.

Yanzu ga wannan tana tafe, kuma gidan kowa ya riga ya gama lissafi: sunan Hajiya za a sa, wato uwar mijina. Ba ta roƙa da bakinta ba, ita ba ta irin wannan. Amma ta sayi turmin atamfa da 'yan kunnen zinare ƙanana ta ajiye, kuma in ta shigo sai ta dubi cikina ta ce, "Takwarata tana motsi?" Matar nan ba ta taɓa ɓata mani ba. Ita ta yi mani wankan jego duka biyun, ita ke dama mani kunun kanwa da hannunta. To amma a zuri'ar nan an riga an mayar da sunanta sau huɗu. Akwai Ummi, akwai Mama, akwai Nana, akwai wadda aka rasa alkunyar da za a ba ta aka ce Hajiya Ƙarama. In tawa ta zama ta biyar, wata alkunyar za a nemo, ni kuma in sake zama uwar da ba ta da ikon kiran sunan abin da ta haifa.

Sunan da nake so shi ne Barmani.

Na san kin yi murmushi, kowa haka yake yi. A bakin kakata na fara jin fassararsa, a ƙauyensu can wajen Madarunfa, tana ɓarar gyaɗa ina taya ta. Ta ce a da, in mace ta yi ta haihuwa 'ya'yan suna komawa, wadda ta zo daga baya sai a ce mata Barmani, ma'ana ya Allah bar mani wannan. Ita ce ta koya mani cewa Kande mace ce da ta biyo bayan maza, Gambo mai bin tagwaye, Azumi wadda aka haifa cikin watan azumi, Marka kuma ta zo ruwa na zuba ba ƙaƙƙautawa. A lokacin dariya nake yi, ina ganin sunayen tsofaffi ne. Sai da na binne biyu na gane cewa wadda ta fara sa wa 'yarta Barmani addu'a take yi, kuma duk wanda ya kira yarinyar ya taya ta.

Da na gaya wa maigida bai yi faɗa ba, shiru ya yi. Bayan kwana biyu ya dawo daga fadarsu ta shayi da magana a baki. Abokansa sun ce masa irin waɗannan sunaye, su Ajuji da Ayashe da Barmani, na zamanin bori ne, wai ana sa su ne don a ɓatar da iskokin da ke ɗauke 'ya'ya. Wani kuma ya ce in aka sa, yara za su riƙa bin ta da kiɗan ƙwarya suna cewa Coge. Ya ƙara da cewa ai ita ma Hajiya Barmani Coge ta Funtuwa, mai amada, wadda ta rasu a 2013, sunanta na yanka Sa'adatu ne, Barmani laƙabi ne kawai. Na ce masa mu da muke garin da Ɗan Kasawa ya kafa wa sarauta bayan fitowar Katsinawa daga Katsina, maƙwabtanmu Gobirawan Tibiri kuma ba su da abin alfahari kamar Bawa Jangwarzo, yaushe sunan Hausa ya zama abin kunya? Ya ce da laƙabi aka san manya, ba da shi liman ya raɗa masu ba. Shawararsa ita ce a yanka rago da sunan Hajiya, ni kuma in riƙa kiranta Barmani a ɗakina.

A ido kamar an raba gardama. Amma ni madam ce a lakwal, shekara tara ina kiran sunayen yara da safe, na san inda laƙabi yake ƙarewa. Abin da ma'aikacin meri ya rubuta a takardar haihuwa shi ke bin yarinya har jarrabawa, har katin ɗan ƙasa, har takardar aure. Kuma laƙabin da uwa ta sa ba ya kama gida in kaka ta sa nata. Kafin a yi arba'in Hajiya Ƙarama ta biyu za ta zama.

Bari in ɗan kauce, don abin yana cina. A ajina na bana akwai Nana Aisha shida, sai na haɗa da sunan uba kafin a san wadda nake nufi. A gefe guda kuma ga sababbin sunaye da ake tsinta a waya da finafinai, su Afnan da Nihal da Ilham. Ƙanwar maigidana ta sa wa tata irin wannan, ranar suna sanƙira sai da ya tambaya sau uku kafin ya iya faɗa, tsofaffi kuma har yau ba su kama shi daidai ba. Na tambaye ta ma'anarsa ta ce ita dai daɗinsa ta ji. Ba wanda ya ce uffan, tunda yana da ƙamshin Larabci. Ni da na kawo wanda ko yaron goye ya san abin da yake nufi, ni ce na zo da baƙon abu.

Na je wajen malaminmu na Islamiyya, ban ce ni ce ba. Ya ce Annabi, sallallahu alaihi wasallam, ya canza sunayen da ma'anarsu ba ta dace ba: 'yar Sayyidina Umar da ake kira da suna mai nufin "mai saɓo" ya mayar da ita Jamila, Barra kuma ya mayar Zainab. Ya ce abin dubawa ma'ana ce, bai san inda aka wajabta Larabci ba. Na ce to uwa fa, tana da ta cewa? Ya karanto mani ayar Ali Imrana inda matar Imrana ta ce ita ta sa wa 'yarta suna Maryam. Har na fara jin sanyi, sai ya rufe da cewa in aka yi saɓani, maganar uba ce gaba.

Wadda ta fi girgiza ni yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ba ta kawo bori ko Larabci ba. Cewa ta yi, "Ke, kin yi tunanin yarinyar? Duk inda ta faɗi sunanta an san 'yar wabi ce. Za ki rataya mata makokinki a wuya ta yi ta yawo da shi har tsufa." Daren nan ban yi barci ba. Ina jin tsoron kada ya zama kaina nake wa suna ba ita ba. Wani lokacin ma sai in ji kamar rashin tawakkali ne mutum ya zauna yana jayayya kan sunan wadda ba ta iso ba tukuna.

To Malama, ga tambayoyina. Sunan nan zai zame wa yarinya nauyi kamar yadda yayata ta ce, ko kuwa tsoro ne kawai na abin da aka daina ji? In kin ga nauyi ne, zan haƙura da shi, amma a taimake ni da hanyar da za a sa mata wani sunan nata na kanta, wanda zan kira da ƙarfi a tsakar gida ba tare da na sunkuyar da kai ba. Kuma ta yaya zan tunkari Hajiya? In je da kaina in gaya mata abin da ya faru a daren nan na likita, wanda ko ɗanta ban taɓa gaya wa ba, ko in nemi ƙanwar babana ta je mata? Ba na son ta ji a bakin sanƙira ranar suna, ga atamfarta a ajiye.

An ce mani haihuwar za ta zo wajen farkon kaka. In za ki amsa, don Allah kada a karanta zancen 'yan kunnen zinaren, domin ita ma Hajiya shirinki ba ya wuce ta, rediyonta na rataye a jikin turken rumfa.

Wassalam. Taki, mai sauraro daga Maradi.