Wasiƙa zuwa ga Binta kan lafiyar Maryam

Assalamu alaikum aminiyata Binta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ke da maigida da yara kuna lafiya a Maraɗi. Na ga hoton takardar asibitin Maryam da kika turo. Ki kwantar da hankalinki. Wannan PCOS da likita ya rubuta, wato lalurar rikicewar sinadaran jiki da ke hana gidan ƙwan mace aiki daidai, kullum muna ganin sa a wurin aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mace 6 zuwa 13 cikin 100 na masu shekarun haihuwa suna da shi, yawancinsu ma ba su sani ba.

Abin da ya sosa min rai shi ne gorin da kika ce dangin mijinta suna mata, wai ci ne ya toshe mata mahaifa. Wallahi an zalunce ta. Ba a san ainihin tushen abin ba, amma sinadarin insulin, wanda ke shigar da sukari cikin tsoka, yana da hannu sosai a ciki. A jikin mata da yawa masu wannan lalura, tsokar ba ta amsa masa da wuri, sai jiki ya yi ta ƙaro shi. Idan ya yi yawa a jini, yakan sa gidan ƙwai ya riƙa fitar da sinadarin maza fiye da kima, ya kuma rage furotin ɗin da hanta ke yi don ɗaure wannan sinadari. Daga nan ƙwai ya kasa nuna, al'ada ta yi wata biyu ko uku ba ta zo ba, gashi ya tsiro a haɓa, ƙuraje su feso. Kitsen ciki yana ƙara taurin kan tsokar, shi kuma insulin mai yawa yana taimaka wa kitse taruwa. Kin ga kowanne yana ingiza ɗan'uwansa. Akwai ma sirara masu ciwon.

Ki duba bayan wuyanta da hammatarta. In kin ga fata ta yi baƙi ta yi kauri, ba datti ba ne, kada ta wahalar da kanta da soso ko man bilicin. Alamar yawan insulin ce. Don haka a yi mata gwajin suga tun yanzu, a riƙa maimaitawa, saboda ciwon suga yakan riski irinsu da wuri.

Batun rage ƙiba kuwa, ba a ce sai ta koma kamar budurwa ba. Kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinta yakan isa al'ada ta fara daidaituwa. Mai kilo 90, kilo 5 ma wani abu ne. Ta rage lemon kwalba da shayi mai sukari, ta rage malmalar tuwo ta ƙara miyar ganye, wake, zogale da kifi, ta riƙa tafiyar ƙafa bayan la'asar. Ƙwayoyin ƙara jiki da ake tallata wa amare, ta nisance su.

In haihuwa take nema, akwai maganin letrozole da ke sa ƙwai ya fita, akwai metformin don insulin, amma likita ne zai tsara mata. Ko ba ta neman ciki, kada ta bari al'ada ta wuce wata 3 ba ta je asibiti ba, domin bangon mahaifa yana ƙara kauri, daɗewar haka kuma na da haɗari.

In da hali, mijin ya raka ta ganin likita ya ji da kunnensa, shi ma a gwada shi. Ki turo min sakamakon sugan da zarar ya fito. Ki gaida Hajiya da kyau, Allah ya ba Maryam lafiya da zuri'a ɗayyiba.

Taki har kullum,
Rabi