Ga ƙanena da ya tambayi yadda reshe ke barin uwa

Salamu alaikum ƙanena,

Ranar Asabar, a zaman masu rubuta manhaja da muka yi nan Maradi, ka miƙe gaban jama'a ka tambaye ni: in ƙaramin aiki ya girma a cikin babbar manhaja mai buɗaɗɗen tushe (wadda kowa ke iya ganin rubutunta, ya ɗauka, ya gyara), yaya yake fita ya ci gashin kansa, kuma ba butulci ba ne? Kiran la'asar ya katse mu. Ga amsarka.

Ba butulci ba ne. Ka san yaron shago a babbar kasuwa da ya shekara goma yana yi wa ubangidansa hidima. Ran da aka sallame shi da jari, addu'a ake yi masa. Wanda ya sulale da dare da littafin bashi, shi ake zagi.

Gidauniyar Apache, ƙungiyar da ke riƙon manhajoji masu buɗaɗɗen tushe irin su Hadoop, Nutch, Lucene da Solr, ta saba da irin wannan sallama. Hadoop a cikin Nutch aka haife shi, aka ware shi a 2006 ƙarƙashin Lucene, a 2008 ya tsaya da ƙafarsa. Solr kuwa an haɗa masa tukunya da Lucene a 2010, sai 2021 aka raba. Masu aikin ne ke tattaunawa a fili, su kaɗa ƙuri'a, su kai ƙuduri gaban hukumar gudanarwa. In ta yarda, a kafa wa reshen kwamitinsa da shugabansa, ya riƙa kai rahoto duk wata uku. Gida ɗaya ne har yanzu, girki ne kowa nasa. Kuma ba a fitar da sabuwar siga sai mutum uku na kwamitin sun amince.

Ukun nan nake so ka riƙe. Na ga reshenku na fassara zuwa Hausa, aikin ya yi kyau, amma kalmar sirri tana hannunka kai kaɗai, komai kuma yana cikin kwamfutarka mai tsagaggen gilashi. In karatu ya kai ka Yamai, wa zai duba gyaran da wani ya turo? In kuka fita a haka, kafin damina ta zagayo an manta da ku.

Akwai kuma fitar fushi. Bayan kamfanin Oracle ya sayi kamfanin Sun, mai manhajar OpenOffice, a 2010, wasu masu aiki a kan OpenOffice suka kwashi rubutun manhajar, don lasisi ya ba su dama, suka kafa LibreOffice. Suna ne ya gagara ɗauka. Haka masu aiki a kan wata manhaja mai suna Hudson suka fita da ita, ta koma Jenkins a 2011. Sun yi nasara, amma da jama'a suka fita, ba mutum biyu ba.

Don haka kafin ka yi wa manyanku maganar rabuwa, nemo mutum biyu ka koya musu duba aiki da fitar da siga. Sannan ka tambayi manyan a fili: sunan na wa, adireshin intanet ɗin wa ke biyan kuɗinsa? In za ka je wurinsu ka kira ni, sai mu tafi tare bayan isha'i.

Yayanka.