Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyarmu ta Wasan Kwaikwayo

Assalamu alaikum, 'yan uwa membobi.

Bana kusan duk ƙarfinmu ya tafi ne a kan wasan Bakolori. Faɗakarwar rigakafin yara da wasan bikin sallah an yi su yadda aka saba, ba sai na ja zance a kansu ba.

Don amfanin yaran da suka shigo ƙungiya kwanan nan: an gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato, kusa da Talata Mafara, daga 1974 zuwa 1978, kamfanin Impresit na Italiya ne ya yi aikin. An tashi dubban mutane daga inda ruwa zai kwanta, an baje gonaki don noman rani, an sare itatuwa, diyya kuwa ta zama abin jira da gardama. Da haƙuri ya ƙare, manoma suka datse hanyoyin aikin. A watan Afrilu na 1980, zamanin Gwamna Shehu Kangiwa, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan, mutanen yankin kuwa ɗaruruwa suke faɗa, shi ya sa kwamiti ya hana a sa wani adadi a bakin ɗan wasa.

Kafin a fara gwaji mun zauna da dattawan da abin ya faru a idonsu. Daga wurinsu muka samo fitowar da ta fi kowacce kama 'yan kallo, wato ta awon gona. Ma'aikaci ya zo da tef da littafi, ya tsaya gindin ɗorawa ya rubuta "itace ɗaya". Uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, itace ɗaya? Kalwar nan ita ce daddawata, ita ce kuɗin aurar da 'yata." Ya ɗaga kai ya dube ta, ya sake rubuta "itace ɗaya". A wani ƙauye da muka kai wasan, wata tsohuwa ta miƙe daga cikin mata tana cewa a ƙara tsamiya, ita ma an sare. Mun ƙara, yanzu tana cikin wasan.

An yi taƙaddama kan fitowar harbi. Samari sun so bindigogin katako da jan fenti. Dattawan kwamiti suka ce a cikin masu kallo akwai waɗanda suka binne iyayensu, ba za a mayar da ranar abin shewa ba. Aka tsaya a kan mai ganga ya tsananta kiɗa, ya yanke shi kwatsam, fili ya watse. Ni ina tare da dattawa, ko da yake har yanzu wasu samarin na ƙunƙuni.

Abin da wasan bai taɓo ba shi ne manoman fadama na ƙasa da madatsar, waɗanda ambaliyar da suke noman shinkafa da ita ta ragu. Kwamitin rubutu zai duba wannan baɗi.

Batun kuɗi: hayar janareta da lasifika da motar kaya ita ta cinye yawancin asusu, ma'aji zai karanta lissafin dalla-dalla a babban taro. Masu bashin kuɗin wata, don Allah a biya kafin ranar.

Wassalam,
Sakataren ƙungiya