Wasiƙa Zuwa Ga Malam Habibu Kan Firintar 3D

Zariya,
Jihar Kaduna.

Zuwa ga aminina Malam Habibu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, da kai da iyali da sauran 'yan'uwa na Damagaram, kuma ina fata sana'a tana tafiya yadda ake so. Mu ma nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Saƙonka ya iso, na kuma ga tambayarka game da firintar 3D, wato na'urar da ke ƙera abu daga zanen kwamfuta, wadda ka ce wani ɗan kasuwa ya yi maka tayin kawowa, yana cewa da ita ka huta da neman kayan gyara har abada. Na ga ya fi kyau in zauna in rubuta maka amsa a tsanake, domin kuɗin da za ka zuba ba kaɗan ba ne, kuma maganar ɗan kasuwan akwai gaskiya a cikinta, akwai kuma ƙari.

Ka san yadda muka saba samar da abu. Ko dai a ɗauko gungumen itace ko sandar ƙarfe a yi ta sassaƙa da gurza har siffar da ake so ta fito, a share ɓarɓashin a zubar, ko kuma a narka abu a zuba shi a mazubi ya daskare. Wannan na'ura hanyarta dabam ce. Tana farawa ne daga faranti wanda babu komai a kansa, ta shimfiɗa siririn sahu na narkakkiyar roba, ta ɗaga kaɗan, ta ɗora wani a kansa, ta yi ta yin haka har abin ya kai tsawonsa. Idan ka tuna yadda ake ginin rumbu a ƙauye, a ɗora zagayen laka ɗaya a jira ya sha iska sannan a ɗora na gaba, to ka gane tushen abin baki ɗaya. Kaurin kowane sahu a aikin yau da kullum kusan milimita 0.2 ne, wato abu mai tsawon santimita 10 sahu 500 ne aka jera. Ka riƙe wannan lissafi, domin daga gare shi ne amfanin na'urar da rauninta duka suke fitowa.

Abin da nake so ka fi ba muhimmanci shi ne zane, domin nan ne ainihin sana'ar take, kuma nan ne masu talla ba su cika tsayawa ba. Na'urar ba ta ganin abin da ya karye a hannunka, ba ta kuma san me kake so ba. Sai wani ya zauna a gaban kwamfuta ya zana abin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa, da kowane rami da kowane haƙori, a ma'auni na daidai. Ɗauki misalin ƙaramar giyar roba da ke juya kan fanka hagu da dama, wadda na san ana yawan kawo maka ita a cinye. Kafin ka sami sabuwa, dole ka ƙirga haƙoranta, ka auna faɗinta da kaurinta da ramin tsakiyarta da ma'aunin nan mai baki biyu da makanikai ke auna ƙarfe da shi, sannan ka yi tunanin yadda haƙoran suke tun kafin su cinye, tun da tsohuwar da ke hannunka ta riga ta sauya kama. Haka kuma ramin da ka zana milimita 5 sau da yawa yakan fito a ɗan matse, saboda roba tana ɗan bajewa tana kuma tsukewa idan ta huce, don haka akan bar rata ta kusan milimita 0.2 a inda abu biyu za su shiga juna. Wannan ilimi ne na hannu da ido, irin wanda kake da shi tun tuni, abin da ya rage kawai shi ne ka koyi faɗa wa kwamfuta shi. Akwai manhajoji na kyauta, kamar Tinkercad ga mai farawa, wadda ke buƙatar intanet, da FreeCAD wadda ta fi wuya amma ta fi dacewa da kayan inji kuma tana aiki ba tare da intanet ba. Akwai kuma shafuka irin su Thingiverse da Printables, inda mutane ke ajiye zane-zanensu kyauta, sai dai da wuya ka tarar da ainihin ɓangaren tsohon keken ɗinkin da wata baiwar Allah ta kawo maka.

Idan an gama zane, akan ajiye shi a fayil, yawanci irin wanda ake kira STL, a miƙa shi ga wata manhaja ta biyu, kamar Cura ko PrusaSlicer, wadda aikinta shi ne ta yanka zanen sahu-sahu ta rubuta wa na'urar umarni dalla-dalla: ta matsa nan, ta yi zafi kaza, ta turo roba kaza. A nan ne kake zaɓar yadda cikin abin zai kasance. Da za ka tsaga wani abu da aka buga da zarto, za ka tarar bangonsa sahu biyu ne ko uku, cikinsa kuwa raga ce mai ramuka, domin akan cika kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari ne kawai don a rage roba da lokaci. A nan ne kuma ake kula da sassan da suka yi rataye, tun da na'urar ba ta iya ɗora roba a kan iska. Duk ɓangaren da karkatarsa ta wuce kusan digiri 45, sai an gina masa madogara a ƙarƙashi, wadda za a ɓalle bayan an gama, kuma gurbinta yakan bar tabo.

Ita kanta na'urar ba ta da wani sirri ga mutum irinka. Ƙananan injina ne na lantarki masu juyawa taki-taki, da bel, da sanduna, da faranti mai ɗumi, da kai mai zafi. Robar tana zuwa ne a naɗe kamar zare mai kaurin milimita 1.75, kuma naɗin kilo ɗaya yakan wuce mita 300. Wani ɗan ƙarfe mai haƙora yana tura zaren cikin kan, ya narke, ya fito ta baki mai faɗin milimita 0.4. Sahun farko shi ne mafi muhimmanci a aikin duka. A tsofaffin na'urori akan zura farar takarda tsakanin bakin da farantin, a yi ta juya sukurori har a ji takardar tana ɗan gogawa ba tare da ta maƙale ba. Idan ratar ta yi daidai, za ka ga layukan suna kwantawa a baje, kowanne ya manne da ɗan'uwansa, fuskar ta yi sumul. Idan ta yi yawa, zaren yakan fito a mulmule ya ƙi kama farantin, bakin ya ja shi ya cukurkuɗe, aikin ya lalace tun daga tushe.

Akwai wani abu da ya kamata ka sani tun kafin ka yi wa mai kaya alkawari. Abin da aka buga ƙarfinsa ba ɗaya ba ne ta kowace fuska. Tsakanin sahu da sahu nan ne rauninsa yake. Idan ka buga ƙugiyar rataye kaya a tsaye, nauyi zai riƙa jan sahun yana raba shi da na ƙasansa, sai ta ɓalle a kan layi, tsaf, ba tare da ta lanƙwasa ba. Idan ka kwantar da ita a kan farantin ka buga, zaren zai bi siffar ƙugiyar daga farko zuwa ƙarshe, ta ɗauki nauyin da ya ninka na farkon. Zane ɗaya ne, roba ɗaya ce, kwanciyar ce kawai ta bambanta.

Sai batun robar, wanda a wurinku ya fi muhimmanci fiye da a ƙasashen da ake ƙera na'urorin. Wadda aka fi sayarwa ita ce PLA, da ake samarwa daga sitacin masara ko rake. Tana da sauƙin aiki, tana narkewa a kusan digiri 200, amma tana fara laushi tun daga kusan digiri 60. Ka san abin da cikin rufaffiyar mota yake zama a Damagaram a watan Afrilu. Don haka kada ka yi da ita abin da zai zauna a rana ko kusa da injin janareta. PETG ta fi jure zafi kuma ba ta cika wahalarwa ba, ita nake ganin za ta fi yi maka amfani. ABS ta fi su jure zafi, amma tana buƙatar faranti mai zafin kusan digiri 100, gefunanta suna ɗagowa idan iska ta buge ta, kuma tana fitar da wari wanda bai kamata a shaƙa a rufaffen shago ba. Da damina zaren yakan sha raɓa, ka ji yana tartsatsi a bakin na'urar, don haka akan ajiye shi a rufaffen mazubi. Da hunturu kuwa ƙura ce abokiyar gaba, domin tana bin zaren ta toshe bakin. Wutar da ƙaramar na'ura ke ci ba ta kai ta dutsen guga ba, amma tana son wutar da ba ta yankewa na sa'o'i masu yawa, saboda haka ka sa batir da inbata cikin lissafinka tun farko.

Maganar sa'o'i ta kawo mu inda ɗan kasuwan ya yi ƙari. Abu mai girman kofin shayi yakan ɗauki sa'o'i, alhali masana'antun roba na Sharaɗa da Bompai a Kano suna fitar da kofi daga mazubi cikin daƙiƙoƙi. Ba za ka taɓa yin gasa da su a buta ko bokiti ba. Amma mazubinsu na ƙarfe yana da tsada ƙwarai, kuma ba wanda zai yi shi don abu ɗaya ko biyar. A wannan gurbi ne firintar take da daraja: abin da aka daina kawowa, abin da ake buƙatar ƙwaya ɗaya tak, abin da dole ya dace da mutum ɗaya. Shi ya sa kusan duk ƙoƙon na'urar taimaka wa ji da ake yi daidai da kunnen mai ita, yanzu da wannan fasaha ake yin sa.

Fasahar ba sabuwa ba ce. Hideo Kodama na wata cibiyar bincike a Nagoya ta Japan ya bayyana hanyar daskarar da ruwan roba da haske sahu-sahu tun a 1981, Chuck Hull na Amurka ya sami takardar mallakar irin wannan fasaha a 1986 ya kafa kamfanin 3D Systems, sannan Scott Crump ya fito da hanyar narka zare a ƙarshen shekarun 1980 ya kafa Stratasys. Na'urorin sun daɗe suna hannun manyan kamfanoni saboda tsada. Abu biyu suka sauya lamarin. A 2005 Adrian Bowyer na Jami'ar Bath a Ingila ya fara shirin RepRap, na ƙera na'urar da za ta iya buga yawancin sassanta na roba da kanta, ya kuma saki zanen kyauta ga kowa. A 2009 kuma wa'adin mallakar hanyar narka zare ya ƙare, sai farashi ya faɗo daga dubban daloli zuwa 'yan ɗaruruwa. Na fi jin daɗin abin da ya faru a Lome ta Togo a 2013, inda Kodjo Afate Gnikou, a wani wurin ƙere-ƙere mai suna WoeLab, ya haɗa firinta daga tarkacen tsofaffin kwamfutoci da firintocin takarda da aka zubar. Ina faɗa maka wannan ne don ka san cewa idan na'urar ta lalace, kai ne za ka gyara ta.

Abubuwan ban mamaki da kake gani a bidiyo yawanci daga wasu na'urori ne dabam. Akwai masu amfani da hasken leza su narka garin ƙarfe sahu-sahu. Da irinsu kamfanin GE ke yin bakin feshin mai na injin jirgin sama samfurin LEAP, wanda da ake haɗa shi daga sassa kusan 20, yanzu guda ɗaya ne, ya kuma rage nauyi da kashi 25 cikin ɗari. A Disambar 2014 an aika zanen sifana daga ƙasa zuwa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, aka buga ta a can. A 2021 kamfanin 14Trees ya gina bangon wata makaranta a Salima ta Malawi da na'urar da ke zuba kwaɓaɓɓen siminti. Duk gaskiya ne, amma wadda aka yi maka tayi roba kawai take narkawa, ba za ta ba ka fistin ko ƙusa ba.

Sai dai akwai hanyar da za ta kai ka ga ƙarfe, kuma ina ganin ita ce ta fi dacewa da wurinku. Masu zuba tukwanen alminiyom suna danna samfur a cikin damammen yashi, su cire, su zuba narkakken ƙarfe a gurbin. Wahalarsu ita ce samun samfur idan abin sabo ne ko tsohon ya farfashe. Kai za ka iya zana shi, ka ɗan ƙara masa girma saboda alminiyom yana tsukewa idan ya huce, ka buga shi da PLA mai araha, ka goge layukan da sanfefa, ka miƙa musu. Samfurin ba ya taɓa wuta, don haka rashin jure zafinsa ba matsala ba ce.

Shawarata ita ce kada ka biya kuɗin na'urar tukuna. Ka sauke FreeCAD a kwamfutar ɗanka, ka zaɓi abu uku da aka fi kawo maka a karye waɗanda ba a samu a kasuwa, ku zana su tare, ka turo mini fayilolin. Zan buga su a na'urar da muke koyar da ɗalibai da ita, in ba direban da ke zuwa wajenku ya kawo maka, ka ɗaura su a inji ka ga yadda za su yi a zafin garinku. Idan sun yi, sai mu duba irin na'urar da ta dace da kuma inda za ka riƙa samun zare da bakin canji, domin wannan ma sai an tabbatar da shi kafin a saya.

Ka gaishe mini da Hajiya da maiɗakinka da yara, da kuma yaran shago. Allah ya sa albarka a sana'a, ya sada mu da alheri.

Naka amini,
Lawal