Sanarwa kan tantance ƴan ƙungiyar mawaƙa ta haɗin gwiwa

Malaman kiɗa da waƙa na makarantunmu na Jos, barkanmu da war haka.

Tantancewa ranar Asabar ce, ƙarfe 9 na safe. Kowace makaranta ta kawo ɗalibai 8, bibbiyu a kowace murya, daga ta ɗaya zuwa ta huɗu. Kowane yaro zai rera do-re-mi hawa da sauka, sannan baiti ɗaya shi kaɗai ba kiɗa. A nan ake gane mai jin sauti da mai bin bakin na kusa da shi. Yaron da muryarsa ta fara fashewa, don Allah kada a tilasta masa murya ta ɗaya, a saukar da shi zuwa murya mai kauri.

Masu kayan busa ku iso minti 30 kafin lokaci, kun dai san sanyin Jos. Ƙarfe in ya yi sanyi sautinsa sauka yake yi, sai an hura an ɗumama shi kafin a daidaita. Maɓallin da ya cije, man bawul, wato man maɓallan kayan busa, ake ɗiga masa. Man gyaɗa danƙo yake yi.

Bushewar hunturu kan ɗaure fatar ganga har ta tsage, a sassauta tsarkiyar kalangu bayan an tashi. Mawaƙa kuma, ruwan sha mai ɗumi, ban da na firji.